Dubu Arba'in

Wata shida kafin a busa usur na farko
lambar ta sauka a Fortaleza,
ba fasfo, ba jaka, ba wanda ya san uwar da ta haife ta.
Dubu arba'in, in ji rediyo.
Dubu arba'in, in ji allon bakin filin jirgi,
mata dubu arba'in za a shigo da su
kamar buhunan rogo a bayan tirela.
Na tambayi shugabar ofis, wa ya ƙirga?
Ta ce, Cleonice, sa wannan riga, ki zauna gaban waya.

Na zauna. Dare talatin.
Fanka na juyi, gahawa na hucewa,
a waje gari ya haukace da kore da rawaya.
Sau goma sha ɗaya wayar ta yi ƙara.
Uku 'yan maye ne,
ɗaya tasi yake nema,
ɗaya tsohuwa ce da ta hango Bature da wata baƙar yarinya
suna cin kifi a bakin teku.
Aka je da jiniya.
Matarsa ce. Shekararsu tara da aure.

Jurema, da ta shekara ashirin tana tsayuwar dare a titin bakin ruwa,
ta ce da ni, 'yar'uwa, kasuwa ta mutu.
Waɗannan ƙwallo suka zo yi wa kuka,
su sha, su rungumi juna, su yi amai, su kwanta.
Mu kuwa tsintsiya ɗaya ta share mu,
da mu da masu tallan kwakwa
da masu kwana ƙarƙashin gada,
wai ceto.
Sau biyu aka cece ni, in ji ta,
duk biyun da kuɗina na fanshi kaina.

To ƙarya ce ke nan?
Dakata, kada ka yi saurin tafi.

Akwai Valdirene.
Ba jirgi ne ya kawo ta ba,
motar haya ce, daga ƙauyen da damina ta yi wa yaji,
tun ba a aza harsashin filin wasa ba.
Wanda ya kawo ta ba baƙo ba ne,
ɗan ƙanwar uwarta ne, ya ce wanke-wanke a otal.
Ya riƙe mata katin shaida,
ya buɗe mata shafi a littafin bashi,
bashin da ke haihuwa kowace Asabar.
Masu hawa benen nan ba su fenta tuta a kumatu ba,
yarenmu suke yi,
wasu ma layi ɗaya muke bi a gidan burodi.
Tagarta na kallon fitilun filin.
Ta ce in an ci ƙwallo, gilashin rawa yake yi.

Sai aka ɗaga kofi.
Aka yage hotuna daga bango,
'yan jarida suka naɗe wayoyinsu,
kuɗin layinmu ya ƙare ranar da aka kwashe tutoci.
Lambar ma ta hau jirgi,
na ji tana can wata ƙasa tana jiran wani usur,
ko furfura ɗaya ba ta yi ba.

Sai bayan wata uku Valdirene ta kira.
Layin ofis ya mutu, ta nemo tawa
a bayan wata takardar kantin magani.
Ranar Talata ce, ana yayyafi,
ba wasa a ko'ina,
ba kyamara ko ɗaya a garin.

Na sa takalmi.

Kana tambayata dubu nawa ne.
Ban sani ba, kuma wanda ya ce maka ya sani
ka tambaye shi inda ya tsaya ya ƙirga.
Ni dai na san bene hawa uku,
ƙofa ta biyu hannun hagu,
da silifas shuɗi, ƙafa ɗaya ta tsinke,
an ɗaure ta da waya.